Galih da Tambayar Ko-ta-kwana

Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Nuwamba, da ƙarfe takwas da rabi na safe, akwai wani saurayi mai suna Galih da ke jera kwalayen kayan maƙulashe a kan dogon tebur, a barandar tsangayar aikin gona ta wata jami'a a birnin Semarang. Ana cikin Makon Sana'a ne, lokacin da kamfanoni da tsofaffin ɗalibai ke zuwa su yi lacca, su kuma ɗebi waɗanda za su je wurinsu sanin makamar aiki.

Galih yana shekararsa ta ƙarshe. Ɗan wani ƙauye ne a yankin Brebes, inda mahaifinsa, Pak Kasmin, ke noman jar albasa a 'yar gonarsa. A can, don girmamawa, Pak ake kiran babban namiji, Bu babbar mace, Mas kuma saurayi. Mutum ne mai sanyin hali. A kwamitin shirya taron rabon abinci aka ba shi, domin kowa ya san ba zai yi gardama ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Jami'ar ba ta yaye ɗalibi sai ya yi wata huɗu yana sanin makamar aiki, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓar sunayen wuraren. Wanda bai kawo nasa ba, sai ya jira zagayowar shekara. Galih ya nema a wurare biyu, duka sun ce sun cika.

Wurin da ya rage masa shi ne wani babban kamfanin sarrafa abinci na Jakarta, wanda daraktansa zai yi lacca a ranar. An sanar cewa da zarar ya gama za a raba kati sittin, hannu da hannu, ga waɗanda ke cikin zauren. Mai kati ne kaɗai zai shiga ganawa da ma'aikatan kamfanin.

Saboda wannan ganawar Galih ya goge farar rigarsa tun da asuba, ya aro takalmin fata a wurin maƙwabcin ɗakinsa. Takalmin ya matse shi, amma bai damu ba.

Yana cikin aikinsa sai ga Reksa, shugaban kwamitin, ya taho da sauri. Reksa ɗan ajinsu ne, ɗan birni, mai kaifin baki da son a ce ya iya shiri.

"Ɗan albasa, ajiye kwalayen nan. An samu canji."

"Lafiya dai, Shugaba?"

"Darakta ya ce jirginsa na komawa ya matso. An dawo da laccarsa ƙarfe goma."

Galih ya ce, "Ai ƙarfe goma lokacin Bu Lastri ne, wadda za ta zo daga Temanggung."

"To sai a yi su tare. Shi a babban zaure, ita a ɗaki na huɗu."

"An faɗa mata?"

Reksa ya yi dariya. "A faɗa mata me? Ka taɓa ganin an tsayar da jirgin sama saboda motar haya?"

Daga nan ya ciro wata 'yar takarda daga aljihun rigarsa ya miƙa masa.

Galih ya san ko ta mece ce. Ɗalibai suna jin nauyin ɗaga hannu a gaban babba. Mai lacca zai gama, ya ce ko akwai mai tambaya, sai ɗaki ya yi tsit, kowa ya sa ido a kan gwiwarsa. Wannan shirun kuwa abin kunya ne ga masu masauki. Shi ya sa kowane kwamiti yakan rubuta tambaya tun kafin a ji laccar, ya ba mutum guda ya riƙe. Shi ake kira mai tambayar ko-ta-kwana.

Reksa ya ce, "Yarinyar da na ba aikin ta gudu babban zaure. Kai za ka yi."

"Ka fi kowa sanin ina buƙatar katin nan."

"Za ka samu. Matar nan minti arba'in za ta yi. Darakta kuwa ka san manya, sai ya ba mu tarihinsa tun daga ranar sunansa. Ka karanta tambayarka, a tafa, ka miƙa mata allon girmamawa, ka rugo. Zan tsare maka kujera."

"Idan ta ja maganar fa?"

"Sai ka yi tari. In ba ta gane ba, ka sulale. Matsalarka ke nan, Lih, ba ka iya sulalewa ba."

Galih ya so ya ƙi, amma kalmar ba ta fito ba. Ya sa takardar a aljihu.

Saura kaɗan goma ta cika Bu Lastri ta iso. Gajeriyar mace ce, ta haura shekara hamsin, sanye da rigar batik, irin atamfar can, da ta sha wanki, tana riƙe da babbar jakar saƙa. A wannan tsangayar ta yi karatu tun da daɗewa, sannan ta koma ƙauyensu a kan tudu, inda take jagorantar ƙungiyar manoma masu busar da citta da barkono. Motar asuba ta shigo.

Galih ya karɓi hannunta ya kai goshinsa, ya ɗauki jakar. Ta yi nauyi fiye da yadda ya zata.

Da suka wuce babban zaure, layin ɗalibai har ya kai bakin matakala, duk cikin fararen riguna. Bu Lastri ta dube su, ta dubi ƙofar ɗaki na huɗu, ta shiga.

Waɗanda ke ɗakin ba su kai ashirin ba. Yawancinsu 'yan shekarar farko ne da suka zo don takardar shaidar halarta. Majigin ɗakin kuma an ɗauke shi an kai babban zaure. Galih ya shiga ba ta haƙuri.

Ta ce, "Bar shi, Mas. Abin da na kawo ba ya shiga majigi."

Ta buɗe jakar, ta fito da kwalabe cike da busasshiyar citta. Ta ciro guda biyu ta miƙa wa na gaba.

"Wannan a gefen titi aka shanya ta. Wannan kuma a rumfar leda. Ku zagaya da su. Kada wanda ya ce min komai tukuna, hancinku zai yi muku bayani."

Da haka ta fara. Ta ba su labarin shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa, cittar ƙauyensu ta yi funfuna a cikin buhuna, 'yan kasuwa suka ƙi ko taya ta. Ta faɗi yadda suka gina rumfar farko da gora da leda, iska ta kwashe ta a mako na biyu. Ba ta da daɗin baki irin na masu lacca, amma duk abin da ta faɗa sai ka ji hannunta ya taɓa shi.

Ba a jima ba tafi ya ɓarke daga babban zaure, har tagogi suka amsa. Wayoyi suka fara motsi a ƙarƙashin tebura. Labari ya zo cewa ana rabon laima da filas a can.

Na farko ya tashi. Ya ranƙwafa, ya sauke hannun dama ƙasa kamar yadda ake wucewa ta gaban babba, ya ce, "Afuwan, Bu," ya fice da kwalinsa na maƙulashe. Na biyu ya bi shi. Daga nan sai suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ladabinsa, kowa da kwalinsa. Bu Lastri takan gyaɗa wa kowanne kai, ta ci gaba da magana.

Da ta juya tana zana rumfar a kan allo, 'yan mata biyun da suka rage suka kalli juna, suka ɗauki jakunkunansu, suka fita a kan yatsun ƙafa.

Ya rage Galih shi kaɗai.

A daidai lokacin wayarsa ta girgiza. Saƙon Reksa ne: "Darakta ya taƙaita saboda jirgi. An fito da katin. Taho YANZU."

Galih ya ɗago kai. Ya dubi ƙofa. A buɗe take, zauren kuma ba nisa. Bu Lastri ta ba shi baya, tana ja wa rumfarta layin rufi, tana bayanin inda iska ke shiga da inda take fita. Ba za ta ji fitarsa ba. Har ya ɗaga daga kujera.

Sai ya hango abin da zai biyo baya. Za ta gama zanen, ta juyo da murmushi, ta tarar tana yi wa kujeru magana. Matar da ta baro gidanta tun duhu saboda su ne suka gayyace ta.

A gidansu, idan baƙo na shan shayi, ba a tashi daga tabarma ko da awaki sun shiga gona. Mahaifiyarsa takan ce gona tana gyaruwa, amma baƙon da ya juya bai ga kowa ba, ya tafi da abin a ransa ke nan.

Wayar ta sake girgiza. Galih ya kife ta a kan tebur, ya koma ya zauna.

Bu Lastri ta juyo. Ta bi kujerun da kallo tun daga baya har gaba. Sannan ta rufe alƙalamin allon.

"To, Mas, tunda saura mu biyu, matso gaba makogwarona ya huta."

Ya matso. Ba ta rage komai daga laccar ba. Ta kai ta har ƙarshe, yadda za ta yi wa cikakken zaure. Da ta gama sai ta gyara tsayuwa, ta dubi kujerun dama, ta dubi na hagu, ta ce da murya irin ta taro, "Ko akwai mai tambaya?"

Galih ya ɗaga hannu. Ya miƙe, ya faɗi sunansa da sashensa kamar yadda aka saba, ya buɗe takardar ya karanta:

"Bu, a wannan zamani na fasahar sadarwa, mene ne sirrin nasara ga matashin da ke son zama jagoran gobe?"

Bu Lastri ta dube shi. Sai ta fashe da dariya, har ta kama bakin tebur, ta sa gefen mayafinta tana share ido.

"Wa ya rubuta maka wannan?"

Kunya ta rufe Galih. "Shugaban kwamiti ne, Bu."

"Allah ya yi masa albarka. Ni ma na yi wannan aikin, a wannan ginin. Tawa a kan ci gaban ƙasa ce. Wallahi har yau ban san me na tambaya ba." Ta ja kujera ta zauna a gabansa. "Ninke ta ka mayar aljihu. Ɗazu da cittar ta zo hannunka, sauran shinshinawa suka yi, kai karya ta ka yi ka duba cikinta. Mai yin haka yana da tasa tambayar."

Galih ya ninke takardar. Shekara uku da wani abu yana zuwa laccoci a jami'ar nan, bai taɓa tambayar abin da ke ransa ba. Gani yake tambayarsa ta ƙauye ce, za a yi masa dariya.

A hankali ya ce, "Babana albasa yake nomawa, Bu. In ya cire ta da damina, ba ta ajiyuwa. Yakan rataye ta a saman murhu yadda kakanmu yake yi, amma kafin wata ya zagayo rabi ta ruɓe daga wuya. Dole ya sayar a bakin gona, lokacin da kowa ke sayarwa. Shin rumfarki za ta yi wa albasa?"

Ta ce, "Ban sani ba."

Ya ɗago kai. Bai taɓa jin mai lacca ya faɗi haka ba.

"Ban sani ba, Mas. Citta so ake ta bushe ƙarau. Albasa kuwa so ake bayanta ya bushe, cikinta na nan da rai. In ka sa ta a rumfata yadda take, dafa ta za ka yi. Amma zo nan. Yaya kaurin damin da yake ɗaurewa? Ta ina iska ke shiga kicin ɗin? Da ganyenta yake ratayewa?"

Ta miƙa masa alƙalamin. Ya zana kicin ɗinsu a gefen rumfarta, ta goge wani wuri, shi ma ya goge nata. Suka yi ta ja-in-ja a kan taga, har ya manta yana gaban babba ya ce, "A'a, Bu, ba haka ba ne." Ita kuwa ta ce, "Yauwa, yanzu ka fara magana."

Kiran sallar Azahar ne ya farkar da shi. Ya miƙa mata allon girmamawar da hannu biyu, babu mai tafi, babu mai ɗaukar hoto. Ya ce ta jira motar kwamiti a baranda, ya nemi izini, ya ruga babban zaure.

Ya tarar ana naɗe shimfiɗu. Reksa na tsaye a bakin ƙofa, katinsa a rataye a wuya.

"Kai wane irin mutum ne? Sai da na yi faɗa da mutum biyu a kan kujerarka! Sau nawa na kira ka?"

"Kowa ya fita, Shugaba. Ni kaɗai na rage."

"To sai me? Uwarka ce? Shekara guda, Lih! Ka ba da shekara guda kana shinshinar citta da tsohuwa!"

Galih ya wuce shi. Ya je wurin wata ma'aikaciyar kamfanin, ya ranƙwafa ya yi mata bayani. Ta saurare shi da mutunci, ta ce, "Ka yi haƙuri, Mas. Katin ya ƙare, kuma ƙa'ida ce."

Bayan ya yi salla ya zauna a matakalar masallaci, ya bar takalmin aron a gefe, domin ya yi masa kanta a dunduniya. Ba za a ce bai yi nadama ba. Ya yi. Ya riƙa ce wa kansa, da ma ya tashi, ai sauran ma sun tashi kuma sama ba ta faɗo ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Mahaifinsa ne, daga gona.

"Le, yaya ganawar?" Haka yake kiransa tun yana yaro.

"Ban samu shiga ba, Pak."

Galih na jin ƙarar injin ban-ruwa ta cikin wayar.

Pak Kasmin ya ce, "To. Ka ci abinci?"

"Zan ci."

"Ka ci. Sauran sai a hankali."

Wannan tambayar ta fi faɗan Reksa yi masa ciwo. Ya daɗe a zaune kafin ya iya tashi.

Wajen La'asar hadari ya haɗu. Galih ya koma tsangaya don ya kwashe ragowar kwalaye, sai ya hangi Bu Lastri zaune a benci a baranda, jakarta a kan cinya. Motar kwamiti ta tafi kai darakta filin jirgi, ta maƙale a cunkoso, kuma babu wanda ya tuna da ita. Ita ma nauyi ya hana ta shiga ofis ta tambaya.

"Bu, tun ɗazu kina nan?"

"Ina kallon bishiyoyin nan. Lokacinmu ba su kai kafaɗata ba."

Galih ya ce idan ba za ta damu da babur ba, zai kai ta tasha. Rigar ruwa ɗaya gare shi, ya ba ta. Ba su yi nisa ba ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin su isa, farar rigarsa ta manne a jikinsa.

Motar Temanggung ba ta cika ba tukuna. Bu Lastri ta ja shi wata rumfar mai abinci, ta sa aka kawo musu shinkafa da romon kaza da shayi mai zafi. Ya ce ya ƙoshi. Ta ce wa mai abincin, "Ƙara masa ƙwai, ƙarya yake yi."

Yana ci tana kallonsa. Ta dubi rigar, ta dubi takalmin fatar da ya jiƙe.

"Wannan kwalliyar ba don ni aka yi ta ba. Ina za ka yi sanin makamar aikinka?"

Ya so ya kauce, amma ta tsare shi da ido. Sai ya faɗa mata komai: wuraren da suka cika, da katin, da saƙon da ya shigo lokacin da take zane, da ranar Juma'a.

Bu Lastri ta ajiye kofinta. Fuskarta ta canja.

"Kana nufin ina can ina zana rumfa, kai kuma shekararka na ƙonewa, ka yi min shiru?"

"Ba zan iya barinki ke kaɗai ba, Bu."

"Wa ya ce ka bar ni? Ba ka da baki ne? Ka ce, 'Bu, ga halin da nake ciki, ki ba ni minti goma.' Da ni da kaina zan kora ka, in zauna in jira ka dawo. Kai dai abu biyu ka sani, ko ka sulale ko ka haɗiye. Akwai na uku, Mas. Ana buɗe baki a yi magana."

Galih ya sunkuyar da kai. Wannan hanyar ko kusa ba ta zo masa a rai ba.

Ta ɗan sassauta murya. "Ni ma da nake maka faɗa, ka ga yadda na wuni a benci ban tambayi kowa mota ba. Ciwonmu ɗaya." Ta juya cokali a cikin shayinta. "Na sha juyowa daga allo in tarar da kujeru. Na saba. Amma ba zan ɓoye maka ba, yau da na juyo na ga mutum, na ji daɗi."

Yaron mota ya fara kiran fasinjan Temanggung. Ba ta tashi ba.

"Saurara. Ƙungiyarmu ba ta taɓa karɓar ɗalibi ba, don babu wanda ya taɓa nema. Ba mu da albashi. Akwai ɗaki a bayan sito, akwai shinkafa sau uku, akwai sanyin da zai sa ka tuna da uwarka. Buhu za ka ɗauka kamar kowa. Kuma ban yi maka alkawarin amsar tambayarka ba. Amma in ka zo da albasar babanka, akwai rumfa guda da ba ma amfani da ita, sai mu ɓata ta tare har mu gane. Kana so?"

Galih ya buɗe baki zai ce duk yadda ta gani. Sai ya tuna faɗan da aka gama yi masa.

"Ina so, Bu. Amma jami'a ba za ta yarda ba sai wurin yana da mai kula da ɗalibi wanda ya yi digiri, kuma sai takarda ta iso kafin Juma'a."

"Ka ga amfanin baki? Digirina yana cikin akwati, ɓeraye ba su gama da shi ba. Wa ke riƙe da ofishin yanzu?"

"Pak Darmaji."

"Darmaji? Mai tsoron tsutsa? Ajinmu ɗaya. Ka ce masa Lastri na gaishe shi."

Ta cire rigar ruwan ta miƙa masa, ta shiga mota.

Washegari Galih ya je ofishin kula da sana'o'in ɗalibai. Pak Darmaji ya saurare shi, ya ce sunan ƙungiyar ba ya cikin wuraren da jami'a ta sani, kuma zumunci ba ya maye gurbin ƙa'ida. Sai an ga takardar rajistar ƙungiyar da wasiƙar karɓa. Galih ya kira Bu Lastri ya faɗa mata kai tsaye, ba tare da kewaye-kewaye ba. Ta ce magatakardansu ya tafi biki wani ƙauye da makullin ofis, amma za ta aika a nemo shi.

Ranar Alhamis ta wuce babu labari. Da safiyar Juma'a ma shiru. Galih ya zauna a bencin ƙofar ofis, yana duba wayarsa yana mayarwa. Ana shirin tashi sallar Juma'a takardun suka shigo. Pak Darmaji ya karanta su a tsanake, ya buga hatimi.

Sannan ya ce a kira masa Reksa, domin labarin abin da ya faru ranar Laraba ya riga ya iso masa. Ya tambaye shi yadda aka yi baƙuwar tsangaya ta koma tasha a kan babur cikin ruwa. A gaban Pak Darmaji Reksa ya kira Bu Lastri a waya ya ba ta haƙuri, muryarsa ƙasa-ƙasa. Da suka fito ya daki kafaɗar Galih ya ce, "Ɗan albasa, ka ja min. Amma na ji daɗi da ka samu." Shi kuwa Reksa kamfanin Jakarta ya ɗauke shi, Galih kuma ya taya shi murna da zuciya ɗaya.

A watan Fabrairu Galih ya hau tudun Temanggung da buhu biyu na albasar mahaifinsa. Gwajin farko ya dahu, kamar yadda Bu Lastri ta faɗa. Na biyu ya ruɓe rabi. A na uku suka cire ledar gefe, suka yi ragaya ta gora hawa-hawa, suka rage kaurin dami, albasar ta tsaya ba ta ruɓe ba.

Galih ya kammala karatunsa tare da 'yan ajinsa. Ya gina irin wannan ragayar a bayan gidansu, kuma da daminar da ta biyo baya Pak Kasmin bai sayar da albasarsa a bakin gona ba. Ya ajiye ta har kasuwa ta yi kyau.

Darasi: Kada ka auna mai koyar da kai da girman zauren da aka ba shi, kuma kada ka wulaƙanta baƙon da ka gayyata saboda wani ya fi shi suna. Alherin da ka yi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma ka sani kunya ba ta hana faɗin buƙata cikin ladabi, kuma tambayar da ta fito daga zuciyarka ta fi wadda aka rubuta maka. Ku tura wannan labari ga ɗaliban da kuka sani, musamman masu jin nauyin ɗaga hannu.